Kundin Aikin Bin Diddigin Baƙuwar Kurciya a Ƙasar Daura

9 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da muka gani da abin da muka ji a aikin da ni da abokai 3 muka ɗora wa kanmu, wato binciken ko wata baƙuwar kurciya da ta mamaye ƙasashe da dama ta iso ƙasar Daura. Mafarin zancen wani hoto ne da ƙanena, wanda yake tuƙin motar kaya tsakanin Daura da Damagaram, ya ɗauko da wayarsa a makon jiya. Kurciya ce a kan wayar lantarki, launinta kamar na rairayi, da baƙin layi a bayan wuyanta kamar rabin zobe, kuma ya tabbatar mini cewa ta fi kurciyoyin da ya saba gani girma. Hoton bai fita sosai ba, domin daga cikin mota aka ɗauke shi kuma rana tana bayan tsuntsuwar, amma ya isa ya hana ni sukuni.

Tsuntsuwar da nake zargi ita ce wadda masana suke kira Streptopelia decaocto. Wani masani ɗan ƙasar Hungari mai suna Frivaldszky ne ya raɗa mata wannan suna a 1838, kuma kalmar ta biyu tana nufin 18 da harshen Girka, saboda mutanen can suna jin kamar adadin take ambata a kukanta. Asalinta daga nahiyar Asiya ne, kuma a farkon ƙarni na 20 iyakarta a Turai ita ce Turkiyya da yankin Balkan. Daga wajen 1930 sai ta fara bazuwa zuwa arewa maso yamma ba tare da wani ya ɗauke ta ba, har ta yi sheƙa a Ingila a 1955. A 1974 wasu 'yan kaɗan suka kuɓuce daga hannun mai kiwo a tsibiran Bahamas, suka tsallaka Fulorida a shekarun 1980, kuma a yau da wuya a sami yankin Amurka da ba ta shiga ba. A nahiyarmu an gan ta a Maroko a 1986, a Aljeriya a 1994, ta shiga garuruwan dausayi na Sahara, ta gangara ta gaɓar teku zuwa Muritaniya, sannan aka same ta a Dakar a 2016.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙuwa duk inda ta sauka zama take yi. Ƙwai 2 take sakawa, ta kwanta a kansu kimanin mako 2, kuma takan yi ƙyanƙyasa sau 3 ko fiye a shekara idan abinci ya wadata. Ba ta son daji. Gari take so, da wayar lantarki, da rumbu, da bakin injin niƙa, da tashar mota inda hatsi ke zuba. Idan ta iya bin garuruwan hamada ɗaya bayan ɗaya, to hanyar da ta taso daga Tamanraset ta kudancin Aljeriya ta bi ta Agadas da Damagaram ta faɗo Kwangwalam, garin kan iyakar Nijeriya da Nijar da ke kusa da Daura, a ganina, ita ce ƙofar da ya kamata a sa wa ido, kuma mu ne muke zaune a bakin ƙofar.

Mu 4 ne. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare. Akwai dattijonmu, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya, wanda dukanmu Baba muke ce masa, da wani maƙwabcina mai kiwon tattabaru, da wani tsohon ɗalibina da ya iya sarrafa waya da kwamfuta. Kayan aikinmu madubin hangen nesa 1 ne, da wayoyinmu, da littafin rubutu.

16 ga Nuwamba, 2024

Fitarmu ta farko. Mun bar gari bayan sallar asuba muka nufi gonakin da ke hanyar Zango, inda ake ta sussuka da shiƙa, domin a kaka duk kurciyar da ke yankin takan hallara a masussuka. Kafin mu tashi Baba ya kafa sharaɗi guda, kuma na yarda da shi ƙwarai. Ya ce: “Malam, wanda bai san 'yan gida ba, ba ya gane baƙo. Mu fara da namu.” Saboda haka yau ba baƙuwa muka nema ba, lissafin na gida muka yi.

Hasbiya ba ta ba kowa wahala, saboda girmanta da jan fatar da ta kewaye idonta da fararen ɗigon da ke fukafukanta. Haka ma bardo, ɗan ƙarami mai dogon bindi, wanda namijinsa yake da baƙar fuska. Ƙaramar kurciyar cikin gida, mai kuka kamar ana dariya a hankali, ba ta da zobe a bayan wuya, dabbare-dabbarenta a gaban wuya yake. Inda aikin yake shi ne wajen masu zobe, domin a yankinmu akwai iri 3 da suke ɗauke da wannan baƙin layi, kuma duka ukun 'yan ƙasa ne. Akwai mai toka-tokan kai da ido rawaya wanda jar fata ta kewaye, wadda ta fi son bishiyoyin bakin ruwa, ita ce Streptopelia decipiens. Akwai ƙarama mai duhun ido, wadda wuyanta da ƙirjinta suke da ja-ja, ita ce Streptopelia vinacea. Sai kuma mai hasken jiki, mai zama a ƙasar ƙaya inda aduwa da bagaruwa suka yi yawa, Streptopelia roseogrisea, wadda za mu riƙa kira 'yar Sahel a wannan kundi. Wannan ta ukun ita ce 'yar'uwar baƙuwar ta kusa, kuma kamarsu ta kai inda ƙwararru ma sukan dakata kafin su yanke hukunci.

Mun tambayi manoman da muka tarar sunayen waɗannan tsuntsaye. Wani tsoho ya kira babba mai zobe da wala, wani kuma ya ce a ƙauyensu duk mai zobe wala ce, na uku ya ce kurciya dai kurciya ce. Na rubuta duk abin da suka faɗa tare da sunan ƙauyen kowane, domin sunayen nan dukiya ce da take ɓacewa, sai dai na gane cewa ba za mu iya dogara da suna kaɗai ba idan wani ya kawo mana labari. Dole mu tambaye shi yadda ta yi kuka.

7 ga Disamba, 2024

Mun zauna a zauren Baba muka tsayar da alamomin da za mu riƙa dubawa, kuma muka yi alkawarin cewa ba za mu rubuta sunan baƙuwar a kan kowace tsuntsuwa ba sai an sami aƙalla 2 daga cikin manyan alamomin, ɗaya daga ciki kuma lalle ta zama murya da aka naɗa.

Girma ba hujja ba ne. Tsawon baƙuwar yakan kai santimita 32, 'yar Sahel kuma ba ta kai haka ba, amma tsuntsuwar da ta bubbuɗa gashinta saboda sanyin hunturu takan yi kama da ta ninka girmanta, kuma ina kyautata zaton hoton ƙanena da sanyin safiya aka ɗauke shi. Launin baya ma ba hujja ba ne, domin hazo da ƙura suna mayar da komai launi ɗaya. Abin da ya rage shi ne ƙarƙashin bindi da kuka. Gashin da ke rufe gindin bindin baƙuwar ta ƙasa ruwan toka ne, na 'yar Sahel kuwa fari ne tas, haka ma cikinta. Sannan idan aka dubi gashin bindi na can gefe, bakinsa na waje baƙi ne a jikin baƙuwar, baƙin kuma yana miƙewa ya nufi ƙarshe, alhali a jikin 'yar Sahel wurin yana da haske. Dogayen gashin fiffiken baƙuwar sun fi duhu, amma wannan alama ce ta ƙari kawai.

Kukan kuwa shi ne alƙali. Baƙuwar gaɓa 3 take yi, ta tsakiyar ta fi tsawo, ta ƙarshen kuma a datse, kamar “ku-kuu-kuk”, ta yi ta maimaitawa ba gaggawa. 'Yar Sahel takan fara da gajeren “kuk”, sannan ta biyo da dogon gurnani mai kaɗawa, “kurrrruu”, wanda yake gangarowa ƙasa. Idan za su sauka a reshe ma sun bambanta, domin baƙuwar takan yi wata ƙara mai kaushi da ke fita kamar ta hanci, ita kuwa tamu sai ta yi wani abu kamar ƙyalƙyala dariya. Ɗalibina ya sauko da muryoyin duka biyun daga rumbun kukan tsuntsaye na xeno-canto, ya tura wa kowannenmu, kuma mun saurare su har sai da kowa ya iya rarrabewa ido a rufe. A wasu al'amura gani ne yake korar ji, amma a wannan aiki kunne ya fi ido amana.

22 ga Disamba, 2024

Yau Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, kuma maƙwabcina mai tattabaru ne ya ja mu zuwa can, domin tun farko yana da wata magana da ban ba ta muhimmancin da ya dace ba. Ya ce kafin mu zargi hamada, mu fara duba keji. A layin masu kaji da zabi da tattabaru mun tarar da mutum 2 suna sayar da kurciyoyin keji masu zobe, wasu launin madara, wasu farare fat. Waɗannan su ne kurciyoyin gida da mutane suka daɗe suna kiwo tun ɗaruruwan shekaru, kuma masana sun tabbatar da cewa daga 'yar Sahel aka samo su. Na tsaya kusa da kejin har ɗaya ya yi kuka, sai ga gurnanin nan mai kaɗawa, bai bar ko shakka ba.

Na tambayi ɗaya daga cikin masu sayarwar inda yake samo su. Ya ce wasu shi yake ƙyanƙyasarsu a gida, wasu kuma sari yake yi daga hannun fatake, kuma bai san inda su fataken suka samo ba. Na tambaye shi ko sukan gudu, ya ce: “Malam, ai tsuntsu ne. Yaro ya buɗe keji ya manta, shi ke nan.” Wannan amsa ta ƙara mana aiki ta fuska 2. Da farko, duk kurciya mai hasken jiki fiye da kima da muka gani a cikin gari tana iya zama gudaddiyar keji. Na biyu kuma, wanda ya fi damuna, shi ne cewa baƙuwar da kurciyar keji suna barbarar juna su haihu, kuma 'ya'yan sukan ɗauko alamar nan su bar waccan, har kukansu ma yakan fito a gauraye. Abin da ya faru a Bahamas ya nuna cewa keji ɗaya ya isa ya buɗe wa wannan tsuntsuwa nahiya guda.

A nan ne nake ganin halinmu ya sha bamban da na Turai. Lokacin da baƙuwar ta shiga garuruwan Ingila ba ta tarar da wata 'yar'uwa ta kusa da za ta gauraya da ita ba. Mu kuwa muna da 'yar Sahel, wadda nan ne gidanta na asali, daga Senegal har zuwa gaɓar Bahar Maliya. Idan baƙuwar ta zo ta yi yawa, abin da nake tsoro ba hatsin da za ta ci ba ne kawai, har da yiwuwar jinin tamu ya narke a cikin nata a hankali, ba tare da kowa ya lura ba, tunda a ido duk kama suke. Maƙwabcina kuma nasa tsoron na cuta ne, domin an san baƙuwar tana ɗaukar ciwon maƙogwaro da ke sa tsuntsu ya kasa haɗiye abinci, kuma cutar tana yaɗuwa a wurin shan ruwa, inda tattabarunsa suke haɗuwa da na daji kullum.

11 ga Janairu, 2025

Da misalin ƙarfe 7 na safe ɗalibina ya kira ni daga wata gona a hanyar Sandamu, muryarsa tana rawa, ya ce yana jin kuka mai gaɓa 3 daga cikin wani gawo. Na hau babur na same shi. Lalle kukan gaɓa 3 ne, ana maimaita shi ba ƙaƙƙautawa, kuma mun naɗi kusan minti 2 kafin tsuntsuwar ta tashi. Ba mu ga ƙarƙashin bindinta ba, domin gawo a wannan lokaci yana cike da ganye kuma hazo ya yi kauri. Zuciyata ta so in rubuta sunan baƙuwar nan take. Baba ya saurari abin da muka naɗa sau 3, ya ce kukan ya yi masa sauri da yawa, kuma ya tuna mana alkawarin da muka yi a zaurensa. Mun tura muryar ga wani masanin tsuntsaye da ɗalibina ya sani ta hanyar masu aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya.

25 ga Janairu, 2025

Amsa ta zo, kuma Baba ne ya yi daidai. Tsuntsuwar vinacea ce, 'yar gida. Masanin ya nuna mana cewa ita ma kukanta yakan zo a gaɓa 3, amma ya fi na baƙuwar sauri da kaifi, tana jero shi kamar mai sassarfa, alhali baƙuwar a natse take yi da murya mai zurfi, tana jan gaɓar tsakiya. Da muka kunna muryoyin biyu ɗaya bayan ɗaya, bambancin ya fito fili. Kuskuren daga tsarinmu ne, domin a watan jiya mun horar da kunnuwanmu a kan tsuntsaye 2 kawai, muka bar sauran masu zobe. Mun gyara, yanzu kowa yana da muryoyin duka 4 a wayarsa.

Kukan kurciya jawabi ne, in ji magabata, mai hankali ke ganewa, kuma na ƙara fahimtar cewa hankalin da ake nufi ya haɗa da haƙuri. Da mun yi gaggawar yaɗa labari cewa baƙuwar ta iso Daura, da labarin ya shiga bakin mutane, ya kai ga masu rubuta tarihin yaɗuwarta, kuma janye irin wannan magana ya fi sakinta wuya nesa ba kusa ba. Shaidar ƙarya a wannan fage tana ɓata taswira, tana kuma sa a ƙi yarda da mai gaskiya idan ya zo daga baya.

Masanin ya ba mu shawarar mu shigar da aikinmu cikin tsarin taswirar tsuntsaye ta ƙasa, wadda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos take jagoranta. A tsarin an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, kuma mai lura yakan shafe aƙalla awa 2 a cikin gida guda yana rubuta duk tsuntsun da ya gani a manhajar BirdLasser. Mun karɓi shawarar, saboda ko ba mu ga baƙuwar ba, rubuta cewa an duba wuri kaza a rana kaza ba a same ta ba shi ma shaida ce, kuma ita za ta nuna lokacin isowarta idan ta iso.

15 ga Fabrairu, 2025

Mun kammala gidaje 3 na taswira: cikin garin Daura, hanyar Zango, da hanyar Baure. A cikin gari ƙaramar kurciya da hasbiya ne suka fi yawa. 'Yar Sahel sai an fita bayan gari ake samunta. Babu abin zargi.

8 ga Maris, 2025

Azumi ya kama kuma zafi ya fara, saboda haka mun taƙaita fita zuwa sassafe. Da yake tafkunan daji sun ƙafe, kurciyoyi suna taruwa a inda ruwa ya rage, sai muka koma bakin madatsar ruwa ta Daberam muka zauna a ƙarƙashin wata tsamiya. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da muka samu ta ganin ƙarƙashin bindi, domin kurciya idan za ta sauka takan baza bindinta kamar mafici, idan kuma ta sunkuya shan ruwa sai gindin bindin ya ɗaga. Duk masu hasken jiki da muka iya dubawa da kyau fararen ciki ne.

Mun kuma ga wata baƙuwa ta daban, wadda ya kamata a raba ta da wadda muke nema, wato Streptopelia turtur, mai zanen baƙi da fari a gefen wuya da fukafukai masu kama da ɓawon kifi. Ita daga Turai take zuwa ta yi hunturu a Sahel, sannan ta koma idan bazara ta yi, kuma yawanta ya ragu matuƙa a ƙasashen da take ƙyanƙyasa. Na bayyana wa wasu samari masu danƙo da muka tarar a wurin irin tafiyar da wannan tsuntsuwa take yi, ta ƙetare hamada da teku sau 2 a shekara, kuma ɗaya daga cikinsu ya roƙi ya duba ta da madubin. Ya daɗe yana kallo.

5 ga Afrilu, 2025

Bayan ƙaramar salla ƙanena ya kai ni daidai wurin da ya ɗauki hoton farko. Wani ɗan ƙauye ne a kan hanyar Kwangwalam, inda akwai injin niƙa, da rumfar mai shayi, da wurin da manyan motoci suke tsayawa, da layin bishiyoyin bedi. Idan da za a zana wurin da baƙuwar take so, da haka za a zana shi. Mun isa kafin rana ta ɗaga, muka tarar da kurciyoyi suna tsintar tsaba a bayan injin, yawancinsu ƙanana, da 'yan Sahel 5.

A cikinsu akwai ɗaya da ta ja hankalina tun kafin in ɗaga madubi. Tana tsaye kafaɗa da kafaɗa da wata 'yar Sahel, a haske ɗaya, kuma ta fi ta tsawo da kauri, bindinta ya fi tsawo, launinta ya fi karkata ga toka, dogayen gashin fiffikenta kuma sun fi duhu. Da mai injin ya tayar da injinsa sai duk suka watse, ita kuma ta hau wayar lantarki ta ba ni baya. Na zagaya a hankali har na tsaya a ƙarƙashinta, kuma na ga gindin bindin da idona: ba fari ba ne, toka-toka ne. Na miƙa wa Baba madubin, shi ma ya ga haka. Bakin gashin bindi na waje kuwa bai ganu ba, domin ta tsuke bindin. Mun jira fiye da awa 2 da wayoyi a kunne, ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba, kuma da ta tashi ta sauka a kan bedi motar da ke wucewa ta danne duk wata ƙara da ta yi.

Bisa ƙa'idarmu, alama 1 muke da ita, kuma ba murya. A littafi na rubuta: kurciya mai zobe, ba a tantance ba. Tana iya zama baƙuwar, tana iya zama ruwa biyu da ta fito daga keji, kuma ƙurar bayan injin niƙa tana iya dusashe farin gashi. Kama da wane ba ta wane.

Wani yaro da ya ga yadda muka damu da ita ya ce: “Baba, in harbo maku ita?” Na fahimci cewa da tana hannunmu da minti 1 ya isa a warware komai, kuma na yi ta juya maganar a raina a hanyar komawa. Amma mun ƙi, domin idan 'yar gida ce mun kashe ta a banza, idan kuma baƙuwar ce, abin da ya fi muhimmanci shi ne a san ko ita kaɗai ce, ko tana da abokin zama, ko tana sheƙa, kuma gawa ba ta amsa waɗannan tambayoyi. Mun roƙi yaron ya riƙa tsinto mana duk gashin da ya faɗi a ƙarƙashin wayar, musamman dogaye.

19 ga Afrilu, 2025

Mun koma sau 2. Ranar farko ba ta zo ba. Rana ta biyu ta zo, ɗalibina ya sami hotuna 4 ta hanyar ɗora wayarsa a bakin madubin, kuma a ɗaya daga ciki launin tokar ya fito, amma bindin a tsuke yake. Masanin da muka tura wa ya ce hoton ya cancanci a ci gaba da bibiya, bai isa a yanke hukunci ba, kuma ya tuna mana cewa a wajen kurciyoyi namiji ne ya fi yawan kuka, saboda haka shirun nata yana iya nufin mace ce. Idan haka ne, ƙarar sauka ce kaɗai muryar da za mu iya sa rai da ita, sai mu riƙa kunna waya tun kafin ta taso daga ƙasa.

17 ga Mayu, 2025

Hadari ya fara haɗuwa da yamma, kuma manoma suna ta sharar gona. Yaron nan ya kawo mana gashi 11 a cikin leda. Na shimfiɗa su a kan farar takarda na duba ɗaya bayan ɗaya: 8 na jiki ne, 2 na fiffike, 1 na bindi, amma na tsakiyar bindi ne, wanda ba ya ɗauke da alamar da muke nema. Na adana su duka a ambulan, na rubuta rana da wuri.

Abin da ya fi wannan shi ne labarin mai injin niƙa. Ya ce kwana 3 ke nan yana ganin babbar tana ɗaukar tsinke a baki tana shiga bedi na uku daga rumfar mai shayi, kuma akwai wata da take binta. Mun duba daga ƙasa, mun hango 'yan tsinkaye a wata gwafa mai tsayin kamar mita 5, amma ba mu hau ba, kada mu sa su ƙaurace. Wadda take binta ɗin ta yi kuka muna tsaye, kuma gurnanin 'yar Sahel ne sarai, mun naɗe shi.

Mun nemi izinin mai unguwa, ya kuma gargaɗi yara kada kowa ya taɓa bishiyar. Mai shayi, wanda yake buɗe rumfarsa tun kafin asuba, ya yarda a bar masa tsohuwar wayar ɗalibina, zai riƙa ɗora ta a kan katangar da ke ƙarƙashin bedin ya kunna naɗin murya daga fitowar alfijir har zuwa lokacin da za a tayar da injin. Ƙanena zai riƙa karɓo katin wayar duk ranar da ya biyo hanyar, ya kawo wani a madadinsa. Ni da Baba za mu koma ranar Asabar mai zuwa, mu zauna ta gabas da bishiyar domin rana ta kasance a bayanmu lokacin da za ta baza bindi ta sauka a sheƙar.